Na fara rufe shago ranar Juma'a, wai zuciyata ta mutu

Baban Amira: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ku yi haƙuri, yau rubutuna zai yi tsawo, abin ya daɗe yana cina.

Kun dai san sana'ata, shekara 19 ke nan ina kan keken ɗinki a bayan Ƙofar Wambai a nan Kano. A azumin da ya wuce na karɓi ɗinki kala 140 da ɗoriya, ni da yarana uku. Tun goma ga wata na san mun ɗauko abin da ya fi ƙarfinmu, to amma wa za ka mayar? Wannan abokin mahaifinka ne, wancan surukinka ne ya turo shi, wani kuma tun kana yaron shago kana sa maɓalli yake kawo ɗinki. Goman ƙarshe ko sau ɗaya ban kwana a gida ba. A sha ruwa a shago, a yi asham a masallacin layi, a dawo a tayar da janareta, keke har sahur. Bayan asuba in ɗan kishingiɗa a kan tarin yadi, kafin awa biyu waya ta tashe ni.

Daren 27, wajen ƙarfe uku, na shimfiɗa shaddar wani bawan Allah, farar Getzner yadi goma, ta babbar riga da 'yar ciki da wando. Na duba littafin awo, na ɗauki alli na zana, na sa almakashi. Sai da na huda wuya sannan na lura awon ɗansa na duba, yaro ɗan shekara 12, sunayensu a shafi ɗaya suke. Na tsaya riƙe da almakashi ina kallon shaddar, wallahi ko faɗuwar gaba ban ji ba. Kamar kayan wani ne ya lalace a shagon wani. Yarona ne ma ya yi salati ya dafe kai. Kuɗin shaddar na biya, wannan ya wuce. Rashin jin komai ɗin nan shi ne har yau yake ba ni tsoro.

Na zaci in aka yi sallah na yi barcin kwana biyu shi ke nan. Ina! Wata guda bayan sallah, in na ji ƙarar keke sai in ji raina ya ɓaci. Waya in ta yi ƙara gabana ya faɗi. Rannan Amira ta kawo mini littafinta in duba mata aikin makaranta, na daka mata tsawar da ni kaina sai da na tsorata. Uwarta ce ta matsa na je aka auna ni, jinina 160 bisa 100. Sau uku ina komawa bai sauka ba, yanzu ina kan magani.

To na yanke shawara: ranar Juma'a ba na buɗe shago sam, sauran ranaku ƙarfe tara na dare na sa kwaɗo. Jiya wani abokina ya ce da ni, "Kai dai faɗi gaskiya, zuciyarka ce ta mutu." Maganar ta tsaya mini. Shi ya sa na kawo ta nan, ku gaya mini tsakaninku da Allah, lalaci na fara ko kuwa?

Alhajin Kwari: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi. Amma Baban Amira, ni ba zan ɓoye maka ba, abokin nan naka bai yi nisa da gaskiya ba. Mu da dako muka fara a Kwari, dila a ka tun daga bakin titi har cikin layi, rana ta fito a kanmu ta faɗi a kanmu. Ba mu taɓa sanin wani abu wai shi ranar hutu ba. Yaro da ƙuruciyarka, 'ya'ya huɗu, ga haya, ga kuɗin makaranta, ka ce za ka rufe shago yini guda? Hutu ai sai an tara. Sha maganinka ka koma bakin aiki.

Ɗan Autan Zaure: Baba Alhaji, da girman kujerarka, amma kai da kake da doguwar kujera da na'urar sanyaya ɗaki a saman shago, kuma duk goman ƙarshe kana Makka, ai kai ne sarkin masu hutu a zauren nan.

Alhajin Kwari: Ɗan nema. Sai da na yi shekara talatin a rana kafin na sayi kujerar.

Anti Nas: Sannu Baban Amira, Allah ya ba da lafiya. Alhaji, ina neman afuwa, yau kam ba na bayanka.

Abin da ya kwatanta ba lalaci ba ne, kuma ba shi kaɗai ba ne. Malalaci ai daɗi yake ji in bai yi aiki ba. Shi wannan shekara 19 yana aiki kamar inji, sai yanzu jikin ya ce ya isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan yanayi a kundinta na rarrabe cututtuka a 2019. Ba ta kira shi cuta ba, ta ce abu ne da matsin aiki yake haifarwa idan ya daɗe ba a shawo kansa ba. Sunan da Turawa suka ba shi, wato "burnout", ma'anarsa kamar fitilar da ta shanye manta har lagwanin ya fara cin kansa. Alamominsa uku ta lissafa: gajiyar da ta ƙi tafiya, da mutum ya ji sana'arsa ta fita daga ransa har ya tsane ta, da kuma aikin nasa ya fara lalacewa a hannunsa. Ku koma ku karanta labarinsa, duka ukun suna ciki, har da shaddar.

Kuma akwai rahoton da hukumar ta fitar tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 2021. Sun ƙiyasta cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum dubu 745 suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya sakamakon dogon aiki. Wanda yake aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a kansa ya fi na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari. To ku lissafa mini awowin tela a goman ƙarshe. Kwana uku ma ya isa ya cike 55 ɗin.

Ni da nake wannan bayani ban tsira ba. Akwai lokacin da na jera aikin dare ga ƙarancin ma'aikata, wata tsohuwa tana kirana "'yata, 'yata" ina ji na yi kamar ban ji ba. Da na dawo gida na zauna a bakin gado da yunifom ɗina na yi kuka, don ba haka na shiga aikin nan ba.

Ɗan Sahu: Anti, duk abin da kika faɗa gaskiya ne, amma wa kike gaya wa? Ni mashin ɗin adaidaita sahun da nake ja ba nawa ba ne. Kullum ta Allah sai na kai balas, ko na fita ko ban fita ba. Ranar da na kwanta, washegari balas biyu ke jirana, ga cefane. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga nan kuma ba ta sake waiwayowa ba. Fasinja ya ragu, wanda zai hau daga Rijiyar Zaki zuwa Bata sai ya tsaya yana ciniki da kai kamar zai sayi akuya. Baban Amira shi ke da shagonsa, in ya ga dama ya rufe. Ni in na huta wa zai biya? Hutun talaka ai hutun jaki ne, da kaya a ka.

Baban Amira: Wallahi ɗan'uwa ban ce kowa ya yi irin nawa ba. Ni ma Juma'ar nan kuɗi take ci mini, ba kaɗan ba.

Anti Nas: Ɗan Sahu, ba ni da amsar balas, ba zan yi maka ƙarya ba. Tambaya ɗaya dai: awa nawa kake barci, kuma me kake sha in jiki ya ƙi?

Ɗan Sahu: Barci kam yanzu da sauƙi. Abin dariya, lokacin da gwamnati ta hana mu aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe a 2022, babu zagin da ban yi ba a majalisa. Sai ga shi dokar ce ta koya mini kwanciya da wuri. Da can har ɗaya na dare ina tasha ina jiran motocin Abuja. Maganar sha kuwa, lemon ƙara kuzari ne, gwangwani biyu ko uku a yini, da goro. Da daddare in tsaya a kemis a haɗa mini na ciwon jiki. Ƙwaya dai ba na sha, Allah ya kiyashe ni, amma na san da yawa a cikinmu da tiramol suke fita.

Anti Nas: To wannan haɗin na kemis shi ne ya fi damuna. Yawanci za ka tarar da diclofenac ko ibuprofen a ciki, wani lokacin duka biyun. Shan su kullum yana cin ciki har ya kai ga gyambo, yana taɓa ƙoda, yana kuma iya ɗaga jini. Ciwon jikin ai saƙo ne, kai kuma kullum kana toshe bakin ɗan aiken. Lemon kuma, sinadarin da ke cikinsa yana daɗewa a jini, wanda ka sha da la'asar rabinsa na nan a jikinka lokacin kwanciya. Ko ba za ka iya ɗaukar yini ba, ka yi mini abu biyu: bayan azahar ka daina shan lemon, sannan in rana ta take, lokacin da titi ya yi sauƙi, ka samu inuwa ka kashe mashin ka runtsa minti ashirin. Wannan ba ya hana balas. Kuma ka je a auna jininka, ba ya ɗaukar minti biyar.

Ɗan Sahu: Na ji. Na inuwar zan gwada. Na lemon sai a hankali.

Malam Na Islamiyya: Bismillah. Na ga maganar tana neman zama tsakanin masu zuciya da marasa zuciya, bari in ɗan sa baki.

Ya tabbata a Bukhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Salmanul Farisi da Abud Darda'i. Salmanu ya kai masa ziyara, ya tarar da matarsa ba ta kula da kanta, ya tambaye ta, ta ce ɗan'uwanka ba shi da buƙatar duniya. Abud Darda'i ya kawo abinci ya ce ci, ni ina azumi. Salmanu ya ce ba zan ci ba sai ka ci. Ya ci. Dare ya yi ya tashi zai yi salla, Salmanu ya ce kwanta. Ya sake tashi, ya ce kwanta. Sai ƙarshen dare ya ce to yanzu tashi, suka yi salla tare. Sannan ya gaya masa cewa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, kanka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Da labari ya je wa Annabi ya ce Salmanu ya yi gaskiya.

Ku duba fa, ibada ce aka ce ya sassauta. Haka igiyar da Nana Zainab ta ɗaura a masallaci tana riƙewa in ta gaji da tsayuwa, cewa aka yi a kwance ta, mutum ya yi salla gwargwadon nishaɗinsa, in ya gaji ya zauna. In haka ne a kan ƙiyamul laili, ina ga ɗinkin sallah? A Suratun Naba'i Allah ya ce ya sanya barcinmu hutu, dare sutura, yini kuma lokacin neman abinci. A Suratun Nur, cikin lokuta ukun da aka ce yara su nemi izini kafin su shigo, har da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi. Ke nan ƙailula sananniyar aba ce a gidajen Sahabbai.

Sai dai Baban Amira, tunda ka ce tsakani da Allah, akwai gyara a wajenka ma. Karɓar ɗinkin da ka san ba za ka gama ba, alkawari ne kake ɗauka. Mutum nawa ka ce wa "gobe in sha Allah" alhali ka san ko yankawa ba ka yi ba?

Baban Amira: Allah ya gafarta Malam, ka taɓo inda yake ciwo. Ba su ƙirguwa. Har ɓuya na taɓa yi a bayan labulen gwaji, yaro yana cewa na fita sayo zare.

Ɗan Autan Zaure: Ashe ranar kana ciki! Allah ya isa tsayuwar da na yi.

Maman Hanif: Ina ta karantawa ina jira in ga wanda zai tuna da mu, shiru. To bari in tuna da kaina.

Ku maza ko ba komai kuna da kwaɗon da za ku sa wa shago. Ni wane kwaɗo zan sa? Ƙarfe huɗu da rabi nake tashi. In dama kunu, in soya abin da za su tafi da shi, in yi wa ƙananan wanka, in nemo safar da ta ɓata. Bakwai da rabi ina aji a firamare, yara cike har bakin ƙofa, in yi ta ɗaga murya har ta dushe. In dawo biyu saura, in ɗora na rana, in tura su Islamiyya, in haɗa zoɓo da kunun ayar da nake sayarwa, in ɗora tuwon dare. In an kawo wuta sha ɗaya na dare, to lokacin guga ne. Asabar da Lahadi da ake cewa hutu, su ne ranakun wanki da kitso da biki. Wannan makon kamu, wancan suna, wani gaisuwar rasuwa a Kurna, in ba ki je ba a ce kin yi girman kai tunda kina aikin gwamnati.

Kwanaki na kwanta zazzaɓi kwana uku, ƙanwata ta zo ta riƙe gidan. Ina kwance ana ƙara mini ruwa, wallahi abin da ke raina shi ne, kai, ashe haka kwanciya take da daɗi. Sai da na ji kunyar kaina. Mace ba ta samun hutu sai ta kwanta ciwo ko ta haihu. Iyayenmu da suka ce a tafi wankan jego a yi arba'in a gida ba wauta suka yi ba, sun san in ba a ɗauke ta daga gidan ba, ba za ta zauna ba.

Hajiya Babba: Maman Hanif, kin faɗi ta gaskiya 'yata. Amma ki karɓi wannan daga wadda ta riga ki: bikin da ba ki je ba ba ya fasuwa. Ni sai da na haura hamsin na gane. Yanzu in ba na jini ba ne ko maƙociya ta kusa, in aika gudummawata in kira waya in yi addu'a. An yi gutsiri-tsoma na shekara guda, aka gaji aka bari. Kuma Hanif ai ya isa wanke kwanonsa. Mu muke ɓata 'ya'ya maza, mu ce aikin gida na mata ne, su girma su zama irin iyayensu.

Baban Hanif: Ina cikin zauren nan fa, Hajiya.

Hajiya Babba: Na sani. Don kai na faɗa.

Baban Hanif: To na ji. Gugar na ɗauke, daga yau mai wanki da guga na layinmu zai riƙa yi. Sauran kuma ma yi magana a gida.

Maman Hanif: 'Yan zaure ku zama shaida.

Lauyan Zaure: An shaida. Bari in ƙara wani abu don masu aiki a ƙarƙashin wasu, musamman 'yan kamfanonin Sharaɗa da Bompai da Challawa. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ce duk wanda zai yi aikin awa shida ko fiye a yini a ba shi hutun da jimillarsa ta kai awa guda. A kowane kwana bakwai yana da yini guda cur na hutu. In ya cika wata 12 yana aiki, yana da hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki shida, da albashinsa. Kaɗan ne, amma ko shi mutane da yawa ba su san da shi ba. Matsalar ita ce yawancin Kanawa ba a inuwar takarda suke aiki ba. Yaron shago da ɗan dako da mai POS, dokarsu ita ce fuskar maigida. Don haka Baban Amira, tambayata gare ka: yaranka uku fa? Ranar Juma'ar su ma suna hutawa, ko kai kaɗai ne?

Baban Amira: Har su. Shagon gaba ɗaya nake rufewa. Kuma gaskiya tambayarka ta sa na tuna, a azumin nan ƙaramin cikinsu allura ta huda masa yatsa har ƙumba saboda gyangyaɗi, na ɗaure masa da ƙyalle na ce ya ci gaba. Allah ya yafe mini.

Baba Na Dala: Ina da magana da Alhajin Kwari, don tare muka taso, ba zai ce ban san rana ba.

Alhaji, gaskiya ne mun yi wahala, amma kada mu yi wa yaran nan rabin labari. A zamaninmu kasuwa tana tashi kafin magariba, don babu fitilar da za a ci gaba da ciniki. Wanda kake bi bashi ko yake binka, in ya koma unguwarsu sai gobe, ba shi da hanyar da zai same ka a kan shimfiɗarka. Bayan isha'i a ɗan taɓa hira a zaure ko a dakali, kafin goma gari ya yi tsit, in ban da masu gadi da karnuka. Mahaifina a Kurmi yake, kullum bayan azahar sai ya ja tabarma cikin rumfa ya saka hula a fuska, kuma ba wanda ya taɓa ce masa malalaci. Jikinmu ya sha wuya, amma kanmu yana samun sarari. Su kuwa yaran yanzu kasuwar a aljihunsu take, suna kwana da ita a ƙarƙashin matashi. Jikana a Farm Centre yake sayar da waya, ƙarfe ɗaya na dare ina jin sa yana ciniki da wani a Legas.

Sannan ka tuna abokinmu na layinku, ba sai na kama suna ba. Wanda ko ɗaurin auren 'yarsa sai da aka je aka ɗauko shi daga shago. Yau shekara nawa yana kwance, sai an juya shi? Dukiyar tana nan, wasu ke juya ta. Zafin nema dai ba ya kawo samu, mu muka gaji karin maganar, mu ne kuma muka fi kowa mantawa da ita.

Alhajin Kwari: Allah ya ba shi lafiya. Na je duba shi kafin azumi, hannuna ya riƙe ya kasa magana. Ban ce kada a huta ba, Malam. Tsorona yaran yanzu ne, in ka buɗe musu wannan ƙofa, wanda bai yi aikin awa uku ba ma zai ce aiki ya cinye shi. Akwai su a shagona, yini suke a TikTok.

Ɗan Autan Zaure: A nan kam Baba ya yi gaskiya, kuma da ni yake. Ni ba aikin ne ke hana ni barci ba. Ina rufe POS ƙarfe tara, in zauna majalisa har sha ɗaya ana musun Arsenal da siyasa, in shiga ɗaki in ce bari in ɗan duba waya, sai in ji ana kiran assalatu. Da safe in tashi kamar an yi mini duka, in ce aiki ya yi yawa.

Anti Nas: To ka ga naka maganin kyauta ne. Baligi yana buƙatar barcin awa bakwai zuwa sama, kuma kwanciya kana latsa waya ba ta shiga lissafi. Ka bar ta a caji nesa da gado.

Baban Amira, saura abu ɗaya. Ka ci gaba da maganin jinin ko ka ji garau, kada wani ya ce maka ka warke ka ajiye. In kuma ka yi wata biyu kana hutun nan amma ɓacin ran bai ragu ba, ko ka ga abinci ya fita ranka, barci ya ƙi zuwa, abin da da yake faranta maka ya daina, to ka koma wajen likita ka faɗa masa haka ƙarara, don ciwon damuwa yakan ɓuya a bayan gajiya. Akwai sashen masu duba wannan a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na Dawanau. Na san da an ce Dawanau sai a fara dariya, amma yawancin masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa su koma bakin sana'arsu.

Baban Amira: Na gode Anti, na gode kowa. Maganar Malam Na Islamiyya ce ta hana ni sakat tun ɗazu. Da na zauna na duba, keken bai taɓa tilasta mini ba, bakina ne ba ya iya cewa a'a. Mutum ya shigo da leda yana murmushi, ya kira ni da sunan da mahaifina yake kirana, sai in ji nauyi ya kama ni in karɓa, alhali na san barcina da na yarana na miƙa masa. Na yi lissafi da babban yarona, abin da za mu iya ɗinkawa a azumi ba tare da kwanan zaune ba bai wuce kala 80 ba. Zan sayi littafi in ja layi 80. Layi ya cika, an rufe, ko da a Sha'aban ne. Na san zan rasa wasu, wani ma zai daina gaishe ni. Abin da ban sani ba shi ne ko zan iya kallon idon dattijo in ce masa babu wuri.

Hajiya Babba: Na farko ne mai wuya. Ka ce masa, "Baba, in na karɓa zan ba ka kunya ranar idi, gara in ba ka haƙuri yau." Ka kuma nuna masa wani telan da ka yarda da shi.

Ɗan Sahu: Ni dai har yanzu ba a gaya mini wanda zai biya balas ba.

Lauyan Zaure: Ba a gaya maka ba kam. Amma ka taɓa zama da mai mashin ɗin kun yi maganar kwana shida a mako? Ranar ta bakwai a yi wa mashin juyen mai da gyara. Shi ma ai ba ya son injinsa ya buga.

Ɗan Sahu: Mashin ɗin kam yana tausayinsa. Zan shiga ta nan in gani.

Baban Amira: 'Yan zaure, na dawo da rahoto, yau Juma'a. Na yi barci bayan asuba har tara. Na yi aski, na tafi masallaci da wuri na samu sahun gaba, rabona da haka na manta. Da la'asar na ɗebi yaran muka je gidan zoo, Amira ta tsaya wajen jimina ta ƙi tafiya. Wayata na bari a gida. Da na dawo na tarar da kira 23. Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba, har na ɗauki makullin shago, uwar Amira ta kalle ni, na mayar na ajiye.

Alhajin Kwari: Bakwai daga ciki nawa ne. Ina da ɗaurin aure ranar Lahadi a Gwale, kuma yadina yana wajenka tun makon jiya. Yaro ya je ya tarar da kwaɗo.

Baban Amira: Ranka ya daɗe, an gama har an goge, aikin wuya ne kawai ya rage. Gobe ƙarfe huɗu na yamma ka turo shi.

Alhajin Kwari: Ba za ka leƙa yau da daddare ka ƙarasa ba? Aikin awa ɗaya ne fa.

Baban Amira: Ka yi haƙuri Alhaji. Gobe ƙarfe huɗu.

Alhajin Kwari: To. Allah ya kai mu. Amma ka duba littafin da kyau, ni ma ina da ɗa a shafina.